Amsa-kuwwar kwamfuta: shin ta kamo ta tsofaffin na'urori?

Masu iya magana na cewa kama da wane ba ta wane. Wannan karin magana ta dace da wata muhawara da ta daɗe tsakanin masu ɗaukar waƙoƙi, tun daga manyan situdiyo na Turai har zuwa ƴan ɗakunan da samari ke haɗa kiɗa a Kano, Sakkwato ko Yamai. Maganar ita ce ta amsa-kuwwa, wato amon nan da ke bin muryar mawaƙi kamar yana cikin babban soro, wanda ma'aikatan sauti ke kira ribab, jama'a kuma ke ce ma eko. A da, sai da na'ura mai nauyi da tsada ake samun shi. Yau kuwa ƴar manhaja ce da ake sanyawa cikin kwamfuta, kuma masu sayar da ita na cewa daidai take da na'urar asali. Shin gaskiya ne?

Tambayar ta shafi Gaya fiye da yadda ake zato. Wannan gari na jihar Doso, da ke bakin kogin Isa, yana fuskantar Malanbil ta ƙasar Benin, kuma Kamba ta Najeriya na kusa da shi. Shekara da shekaru, kayan da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Kwatano ta bisa gadar Gaya suka riƙa shiga Nijar, har da rediyo, lasifika da makirfo, yayin da kaset-kaset na Mamman Shata, Ɗan Maraya Jos da na wa'azi ke ƙetarowa daga Najeriya. Ƴan kasuwa ba su manta da karyewar darajar Sefa ta watan Janairu 1994 ba, lokacin da faran ɗaya na Faransa ya tashi daga Sefa 50 zuwa 100, kuɗin kowace na'ura ta waje ya ninka. Rufe iyaka da Benin bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya sake tuna musu cewa kaya mai nauyi na iya maƙalewa a hanya. Manhaja kuwa ba ta kwana a duwan. Saboda haka, duk ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati da ɗansa ya roƙe shi jarin buɗe situdiyo, ya kamata ya san abin da kuɗinsa za su saya.

Tushen al'amarin

Idan mutum ya yi magana cikin ɗaki, muryarsa na bugun bango da rufi ta dawo sau dubbai, tana raguwa har ta ɓace. Don samun wannan amo, situdiyo irin su Abbey Road na Landan da Capitol na Los Anjeles suka keɓe ɗakuna na musamman, lasifika a wani gefe, makirfo a wani gefe. A shekarar 1957 kamfanin EMT na Jamus ya fito da EMT 140, wato siririn faifan ƙarfe mai tsawon mita 2 da faɗin mita 1, rataye cikin akwati mai nauyin kilo kusan 270. Sauti ya girgiza faifan, a ɗauki girgizar. A 1974 kamfanin Roland na Japan ya ƙera RE-201 Space Echo, mai aiki da zaren kaset da ke zagayawa yana maimaita murya. Daga nan sai na'urori masu aiki da lissafi suka bayyana: EMT 250 a 1976, Lexicon 224 a 1978. Da kamfanin Steinberg ya ƙirƙiro tsarin VST a 1996, hanya ta buɗe ta shigar da irin wannan aiki cikin kwamfuta.

Hanyoyi biyu na kwaikwayo

Hanya ta farko kamar ɗaukar hoto take. Ana sakin wani sauti cikin ɗakin ko cikin na'urar, a naɗi amsar da ta dawo, sannan kwamfuta ta ɗora wannan amsa bisa kowace murya. Manhajar Altiverb, wadda kamfanin Audio Ease na ƙasar Holan ya fitar a 2001, haka take aiki. Ga ɗaki ko faifan ƙarfe, kamar tana da ƙarfi ƙwarai. To amma hoto ba ya motsi: yadda aka daidaita na'urar a ranar da aka ɗauke ta, shi kaɗai aka kama.

Hanya ta biyu ita ce a bi cikin na'urar sashe-sashe, a sake gina aikin kowane sashe da lissafi. A nan, na'urorin da dama can lissafi ne ransu sun fi sauƙin kamawa. Kamfanin Universal Audio na Amurka, alal misali, ya yi aiki da ainihin lissafin Lexicon 224 wajen yin manhajarta, ko da yake sai da ya kwaikwayi har da kaushin tsofaffin sassan da ke juya sauti zuwa lambobi.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen na'urori masu motsi. Zaren kaset na cinyewa, injin da ke jan shi na ɗan sauri yana ɗan jinkiri, zafi da ƙura na taɓa shi, kuma idan aka matsa masa sauti yakan yi wata shaƙewa mai daɗin ji. Haka ma faifan ƙarfe: ɗaurinsa da shekarunsa na sa kowane EMT 140 ya yi muryarsa daban. Manhajar EMT 140 ta Universal Audio, daga faifan da ke situdiyon The Plant na Kalifoniya aka auno ta. Ke nan kamar waɗancan faifan ce, ba ta dukkan ƴan uwansu ba.

Abin da ke isa kunnen mai saurare

A taƙaice, kwaikwayon ya kusa ƙwarai, amma bai cika ba, kuma ragowar bambancin siriri ne. Mafi yawan jama'a a wayar salula suke sauraron waƙa, cikin tsarin MP3 da ke zubar da sashen sauti maras ƙarfi, alhali wutsiyar amsa-kuwwa na cikin mafi raunin sauti. Makaɗin gita Mdou Moctar, ɗan Nijar, a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a 2008, da sautin kwamfuta irin na waƙoƙin fina-finan Hausa. Waƙoƙin suka yaɗu daga waya zuwa waya, har kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sa ɗaya daga ciki a wani kundi a 2011. Waƙar ce ta kai shi duniya, ba tsadar na'ura ba.

Don haka, mai ɗan jari gara ya fara da gyaran ɗaki, domin bangon siminti da rufin kwano na ƙara wani amo maras kyau da babu manhajar da ke cire shi sarai. Labule mai kauri, katifa da tabarma na rage shi. Sai makirfo na kirki, wutar lantarki tsayayya, da koyon aiki wurin gwani. A kuma yi hattara da yawan eko: Hausa harshe ne mai karin sauti da jan wasali, waɗanda ke raba garin da ake zama ciki da garin tuwo. Amon da ya yi yawa na haɗiye kalmomi, ko a waƙa ko a wa'azi.

Akwai kuma wani abin lura. Dabarar da ta ɗauki hoton amon ɗakunan Landan na iya ɗaukar na zaure, na soron ƙasa mai bakan gizo, da na tsofaffin masallatai, waɗanda siminti ke maye gurbinsu sannu a hankali. Cikin irin waɗannan gine-gine ne kalangu, gurmi da goge suka daɗe suna amo. Aiki ne da ya dace da cibiya irin ta CFPM Elhaji Taya, wadda aka kafa a Yamai a 1989 don horar da makaɗa da adana kayan kiɗan gargajiya, kuma saurayin Gaya mai kwamfuta da makirfo ma zai iya soma shi. Kafin a kashe kuɗi wajen sayen amon ɗakin wasu, ya dace a adana na gida, domin kowa ya bar gida, gida ya bar shi.