Ziyarar Dangi da Fita Shan Iska a Unguwar Tanghin ta Birnin Wagadugu

Gabatarwa

Bahaushe na cewa zumunta a ƙafa take. Abin nufi shi ne, dangantakar jini ba ta isa ta riƙe mutane ita kaɗai ba, sai an taka an je an ga juna. Wannan takarda za ta duba yadda ake yin wannan takawa a wani wuri mai nisa da ƙasar Hausa, wato unguwar Tanghin da ke arewacin Wagadugu, babban birnin Burkina Faso. Za a kuma yi bayanin wasu kalmomi da ɗalibin Hausa zai ci karo da su a wannan fage.

Daga zango zuwa unguwanni

Fataucin goro ne ya fara kai Hausawa ƙasar Mosawa. Ayarin fatake kan tashi daga Kano ko Katsina ko Sakkwato, ya ƙetare kogin Kwara, ya ratsa ƙasar Gurma da ta Mosi, har ya dangana da Salaga a ƙasar Gwanja. Suna kai tufafi da fatu da kanwa, su komo da goro. Duk inda ayari ya saba yada zango, a hankali sai wasu su zauna, su yi aure, su zama masu saukar da baƙi. Haka aka sami unguwar Zangouettin a tsakiyar Wagadugu, kuma daga kalmar zango sunan nata ya fito. Tun kafin Faransawa su kama garin a 1896 akwai Hausawa a cikinsa.

Wannan unguwa ba ta nan yanzu. A farkon shekarun 2000 gwamnati ta fito da wani shiri mai suna ZACA don mayar da tsakiyar birnin wurin ofisoshi da manyan kantuna, kuma a 2003 aka shiga rushe Zangouettin tare da maƙwabtanta irin su Tiedpalogo da Peuloghin. Mutane fiye da dubu goma ne suka tashi. An ba wasu filaye a gefen Ouaga 2000 a kudu, wasu a Nioko, wasu kuma suka nemi wuri da kansu a sauran unguwanni. Abin da ya biyo baya a fili yake. Gwaggon da ada ake leƙa ta kullum bayan la'asar, don gidanta na bayan masallaci, yanzu sai an hau babur an ratsa gari kafin a gaishe ta. Ziyara ta tashi daga abin da ke faruwa da kansa, ta koma abin da sai an sa masa rana.

Tanghin

Sunan Tanghin daga harshen More yake, harshen Mosawa, ma'anarsa kuwa "a kan tudu". Unguwar tana bayan madatsun ruwa guda uku da suka yi wa birnin ɗamara ta arewa. Akwai babbar kasuwar dabbobi a cikinta, wadda takan cika maƙil idan babbar salla ta matso, kuma duk inda ake cinikin shanu da tumaki a wannan yanki ba a rasa jin Hausa a bakin dillalai da mahauta da masu gasa nama. A bakin ruwan kuma lambuna ne jere: latas, kabeji, albasa, alayyafo.

Ɗalibi ya lura cewa Hausar da zai ji a nan ta fi kusa da ta Nijar, kuma aronta daga Faransanci yake. Babur shi ne moto, wanda bai kamata a rikita shi da mota ba. Madatsar ruwa baraji ce. Kuɗi kuma da dala ake ƙirga su, dala ɗaya tana daidai da sefa 5, saboda haka wanda aka ce wa "dala ashirin" sefa 100 zai biya. Baƙon da ya zo daga Kano yakan yi kwana biyu kafin lissafin ya zauna masa.

Saukar baƙo

Ziyara iri-iri ce. Akwai ta barka idan an haihu, akwai dubiya ga marar lafiya, akwai ta'aziyya, akwai yawon salla. Akwai kuma wadda ba ta da wani dalili sai "na zo mu gaisa", kuma ita ce aka fi yaba wa mutum a kanta. Idan baƙo ya iso, ya yi sallama, ga irin abin da za a ji tsakanin mai gida da ɗan'uwan mahaifiyarsa:

"Maraba da Kawu! Sannu da zuwa. Ina gajiya?"

"Ba gajiya. Na same ku lafiya?"

"Lafiya lau, Kawu. Yaya aka baro su Inna?"

"Suna nan ƙalau, sun ce a gaishe ku."

Mai gidan bai kama sunan kawunsa ba, kuma a durƙushe yake yin gaisuwar ko da shi ma ya yi furfura. Ruwa ake fara kawowa, sannan fura ko abinci, sannan labari. Ba a tambayar baƙo yaushe zai koma. Shi kuma ba ya zuwa hannu rabbana, yakan riƙo tsaraba: kilishi, ko turare, ko atamfa ga uwargida, ko alewa ga yara.

Kwana ɗaya ko biyu na farko na zaga dangi ne. A nan ne tarwatsewar zango take nuna kanta, domin baƙon da ya sauka a Tanghin dole a kai shi kudancin gari ya gaida wannan, a kai shi gabas ya gaida waccan, kuma duk gidan da aka tsallake sai an ji ƙorafi.

Daji da shan iska

A al'adar Hausawa daji ba wurin shaƙatawa ba ne. Wurin mafarauci ne da makiyayi da mai saran itace da mai neman magani, kuma wurin namun dawa da iskoki. Mutumin da aka gan shi yana zagaya daji ba gatari ba kwari da baka, tambayarsa za a yi ko lafiya. Kalmar yawo ma ba kullum take da kyakkyawar ma'ana ba. "Ya cika yawo" zargi ne. Shi ya sa idan ana nufin tafiyar nishaɗi sai a ƙara wani abu, a ce yawon shan iska, ko yawon buɗe ido, ko kuwa a ce za a je a miƙe ƙafa.

Rayuwar birni ce ta canja wannan. Gidan haya ƙarami ne, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida, ga baƙi ga yara, ga zafi. Mazauna Tanghin kuwa sun yi sa'a, domin daji mafi girma a cikin birnin yana kusa da su, gefen madatsa ta uku. Sunansa Bangr-Weoogo, wato "dajin ilmi" da harshen More. Asalinsa kurmin sarakunan Mosi ne da ake girmamawa. Turawan mulkin mallaka suka killace shi a 1936, ana kiransa dajin baraji, sannan a 2001 ya koma hannun hukumar birni aka raɗa masa wannan suna. Faɗinsa ya haura hekta 200. Ana biyan kuɗi kaɗan a ƙofa, a ciki kuma akwai hanyoyin ƙafa da suka ratsa ƙarƙashin itatuwa, da wurin wasan yara, da ɓangaren dabbobi. Akwai kadoji a cikin ruwansa, ba a keji ba, don haka uwa ba ta sakin hannun ƙaramin yaro a bakin gaɓa. A saman manyan itatuwa kuma jemagu ne ke rataye da rana.

Amfanin wannan fita ya wuce kallon kada. Yaran Hausawa da aka haifa a Wagadugu da More suke wasa a waje, da Faransanci suke karatu a makaranta, Hausa kuwa sai a cikin gida. Hausar cikin gida tana da iyaka: ci, sha, aike, faɗa. Yaro zai iya girma yana shan miyar kuka bai taɓa sanin cewa kuka itaciya ce ba. Idan kaka ko kawu ya zo daga Maraɗi ko Birnin Ƙonni aka shiga dajin nan da shi, sai tafiyar ta koma darasi ba tare da an shirya ba. Ga maɗaci, wanda ɓawonsa ke maganin ciki, sunansa ma daga ɗaci yake. Ga tsamiya da ake kunu da 'ya'yanta. Ga ɗorawa, mai kalwar da ake daddawa da ita, abin da mutanen Burkina ke kira sumbala. Ga kaɗanya mai man kaɗe, ga aduwa, ga kanya, ga marke. Kowane suna yana jawo wani labari, na gona ko na yunwa ko na wani kakan da yaran ba su riska ba. Mai lura zai ga cewa dattijon da ya yi shiru a ɗaki gaban talabijin shi ne ya fi kowa magana a gindin itace.

Wa ke tafiya da wa

Ba a fita a dunƙule kamar yadda ake gani a hotunan iyalan Turawa. Kunya tana nan ko a daji. Suruki ba ya jerawa da surukarsa, ba ya cin abinci a gabanta, saboda haka idan an shimfiɗa tabarma sai maza su ja gefe. Uwa ba ta cika kiran sunan ɗanta na fari ba, ko da shi ne ya yi nisa ana son a kira shi, sai ta ce da ƙanensa, "Kira yayanka." Masu sakewa su ne kaka da jika, da kuma taubasai, wato 'ya'yan mace da 'ya'yan namiji. Jika zai ce wa kakarsa "matata, tsufa ya hana ki tafiya", ita kuma ta rama. Irin wannan wasa ba baƙo ba ne a Burkina Faso. Mosawa suna da nasu da suke kira rakiire, kuma wanda ke tsakaninsu da ƙabilar Samo sananne ne a duk ƙasar.

Lokacin fita ya danganta da yanayi. Hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ya fi daɗi, duk da ƙura. A bazara zafi kan haura digiri 40, sai dai a fita da sassafe ko bayan la'asar. Damina kuwa daji ya yi kore shar, amma ga sauro ga laka, kuma mutanen bakin baraji ba su manta da ranar 1 ga Satumba 2009 ba, ranar da ruwan sama fiye da milimita 260 ya sauka a kan birnin cikin sa'o'i kaɗan ya rushe dubban gidaje. Wanda ke da mota yakan kai baƙinsa nesa kaɗan, zuwa Laongo kusa da Ziniare inda masu sassaƙa suke aiki a kan duwatsu tun 1989, ko Bazoule mai kadojin da mutanen garin suke girmamawa.

Hanya da rakiya

Zuwan baƙon kansa ya yi wuya fiye da da. Babbar hanyar da ta haɗa Yamai da Wagadugu, mai tsawon kimanin kilomita 500, ta bi ta Kantchari da Fada N'Gourma ne, kusan sawun fataken goro. Tun daga wajen 2018 hare-haren 'yan bindiga suka mai da yankin gabas wuri mai haɗari, har ya zama mutane da yawa suna fasa tafiya, ko su yi dogon zagaye. Gaisuwar salla da ta'aziyya da yawa sun koma ta WhatsApp. Saƙon murya yana isar da gaisuwa, amma dattawa ba su ɗauke shi a matsayin zuwa ba, kuma wanda ya yi ta'aziyya ta waya yakan ƙara da cewa "sai na zo".

Ranar komawa, baƙo yakan bi gida-gida ya yi ban kwana, a haɗa masa tasa tsarabar: man kaɗe, sumbala, ko zanen saƙi na Faso Dan Fani. Daga nan sai rakiya. Ba a sallamar baƙo daga bakin ƙofa. Mai gida ya ɗauki jakarsa ya taka masa, kuma nisan rakiyar yana nuna girman baƙon. Maƙwabci ana kai shi ƙarshen layi, kawu kuwa sai tasha, a tsaya har motar ta tashi. Shi baƙon ne zai riƙa cewa "ka koma haka nan, rakiyar ta isa", mai gida kuma ya ce "bari dai mu ƙara gaba kaɗan". Kalmomin ƙarshe su ne "Allah ya kiyaye hanya" da "a gaida mutanen gida", amsar kuwa "amin, za su ji".