DAGA AUDUGAR TSIGA ZUWA TANTANI MAI BA DA LANTARKI

Duk wanda ya taɓa ajiye kunu ya huce ya san yanar da ke kwanciya a kansa. Haka kuma maginan tukwane sun san cewa tukunyar da aka shanya a tsakar rana takan tsage, wadda ta bushe a inuwa kuwa takan yi ƙarko. To, wannan sani na gargajiya shi ne masana kimiyya suke bin diddiginsa wajen ƙera wani siririn tantani na roba, wanda ke ba da lantarki in an danna shi, ya kuma motsa in an sa masa lantarki.

A 1880 ne 'yan'uwa biyu, Pierre da Jacques Curie na Faransa, suka gano wannan hali a jikin wani dutse mai walƙiya. A 1969 Heiji Kawai na Japan ya same shi a jikin robar da ake kira PVDF. Da ita ake yin na'urorin jin sauti da na auna motsi.

Ga yadda ake yin tantanin. Akan narkar da garin robar cikin wani ruwan sinadari, misali DMF, wanda sai zafi ya kai digiri 153 yake tafasa. Sa'an nan a shafe kwaɓin a kan gilashi, a bar sinadarin ya bi iska. A nan gizo ke saƙar. Ita robar, ƙwayoyinta dogayen sarƙoƙi ne, kuma yadda za su kwanta ya danganta da yanayin bushewar.

In an busar a hankali, da zafin da bai kai digiri 70 ba, sarƙoƙin sukan miƙe su jeru, ƙarfin lantarkinsu ya fuskanci gefe guda. Wannan tsari ake kira beta, shi ne kuwa ake nema. Amma sau da yawa tantanin yakan fito fari, cike da ƙananan ƙofofi, har ya kasa jure lantarki mai ƙarfi. In kuwa aka busar da gaggawa, da zafin da ya haura digiri 110, sai ya fito sumul, amma sarƙoƙin sun lanƙwashe, ƙarfinsu ya kashe juna. Wannan shi ne alfa, wanda sai an ja shi an miƙar kafin ya yi amfani.

Laimar iska ma tana da nata hannun. Sinadarin DMF yana shan ruwa, robar kuwa ba ta narkewa a ruwa, saboda haka in laima ta shiga sai robar ta dunƙule ta bar ramuka. Watau kwaɓin da aka shanya cikin hunturun Janairu da wanda aka shanya cikin markar Agusta ba za su fito iri ɗaya ba. Su ma ramukan ba asara ba ne, domin irin wannan tantani ake so wajen tace ruwa.

To, ina ruwan Tsiga da wannan? Fiye da kashi 85 cikin 100 na zaren auduga selulos ne, shi ma doguwar sarƙa ce. A 1955 Eiichi Fukada ya nuna cewa itace yana ba da lantarki in an matsa shi, albarkacin selulos ɗin da ke cikinsa. Daga baya Jaehwan Kim na Jami'ar Inha a Koriya ta Kudu ya yi takardar selulos mai lanƙwasa in an sa mata lantarki.

Tun zamanin Turawa manoman Tsiga da Bakori suke kai auduga injinan gurza na Funtuwa da Malumfashi, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru kuwa ta daɗe tana samar musu da iri. Abin da ya rage shi ne sarrafawa. Ya kamata ɗalibanmu su riƙe ilmin haɗa sinadarai da hannu biyu, hukumomi kuma su wadata ɗakunan gwaji da kayan auna zafi da laima, don kada ribar audugarmu ta ci gaba da tsayawa a bakin sikeli.