Jos a Farkon Damina: Furanni, Gidan Tarihi da Kwanon Gwate

A watan Afrilu, lokacin da mutanen Kano da Sakkwato ke fito da tabarmi tsakar gida suna fama da mafici, ruwan farko ya riga ya sauka a Jos. Ƙura ta kwanta, ciyawa ta fara leƙowa tsakanin duwatsu, da almuru kuma sai mutum ya nemi riga mai kauri. Mai hutun kwana biyu ko uku a wannan tsakani ba zai yi da-na-sanin zuwa ba, kuma Taminus, cibiyar garin, nan ne ya dace ya fara sa ƙafa. Kusan duk abin da zai gani daga nan, tudu da kuza ne suka samar da shi.

Jos na zaune ne a kan tsauni mai tsayin kimanin mita 1,200 daga doron teku, Kano kuwa ba ta kai mita 500 ba. A ƙa'ida, duk hawan mita 1,000 zafi kan ragu da kusan digiri 6 a ma'aunin Salsiyos. Ban da haka, iskar damina mai tasowa daga kudu maso yamma idan ta ci karo da gefen tsaunin sai ta haura sama, ta yi sanyi, ta zubar da ruwan da ta ɗauko. Shi ya sa garin ke samun ruwan sama wajen milimita 1,400 a shekara, kuma damina ke riga ta Kano faɗuwa da makonni.

Wannan sanyi shi ne jarin masu lambu. Dankalin turawa ba ya yin 'ya'ya sosai sai dare na da sanyi, don haka ne yankunan Bokkos da Mangu da ke kan tsaunin suke ciyar da yawancin Nijeriya da shi. Haka kabeji da karas da latas da koren wake, da kuma sitiroberi da ake nomawa a ƙauyen Chaha kusa da Vom. A titin Ahmadu Bello za ka ga mata sun jera shi a faranti, ja wur, cikin 'yan ƙananan robobi, suna yayyafa masa ruwa kada ya yi yaushi. A Afrilu kakarsa ta kusa ƙarewa, saboda haka wanda ya gani ya saya.

Furanni ma haka. Furen wardi da ake wahalar rayawa a garuruwa masu zafi yana yin kyau a Jos, har ana kai shi Abuja da Legas don bukukuwa. Masu sayar da dashe kan jera tsirrai cikin baƙaƙen ledoji a bakin titi, kuma mai saye ya tambaya tun da wuri: "Baba, wanne ne zai jure zafin Kano?" Ba kowane fure ne zai rayu idan ya sauka daga tudu ba.

Ruwan da ake ban ruwan lambunan da rani yana da nasa tarihin. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka shiga haƙar kuza a tsaunin, suka bar ɗaruruwan ramuka da suka cika da ruwa. Yau manoma ke kafa injin ban ruwa a bakinsu. Kuzar ce kuma ta jawo jirgin ƙasa: ƙaramin layin da ya taso daga Zariya ya iso a shekarun 1910, babban layi ta Kafanchan ya iso a 1927, unguwar Taminus ta girma a gefen tashar da jirgin ke tsayawa. Ma'aikata da 'yan kasuwa, Hausawa da Ibo da Yarbawa da sauransu, suka zauna tare da Birom da Anaguta da Afizere.

Daga Taminus zuwa Gidan Tarihi na Jos tafiyar 'yan mintoci ce a Keke Napep. Shi ma daga ramin kuza ya fito. A 1928 masu haƙa suka tono wani ƙaramin kan yumɓu kusa da ƙauyen Nok, a Jihar Kaduna ta yanzu. A 1943 aka kawo wa wani jami'in mulkin mallaka, Bernard Fagg, wani kan daga yankin Jama'a, wanda mai shi ya kafa a gonar doya don korar tsuntsaye. Fagg ya gane cewa aikin mutane ɗaya ne, masu fasahar da ta haura shekara 2,000. Ya riƙa roƙon masu haƙa su ajiye duk abin da suka tono, kuma a 1952 aka buɗe gidan tarihin. Dubi idanun kawunan da kyau: siffar kusurwa uku gare su, da huji a tsakiya, gashin kuma an yi masa kitso dalla-dalla. Akwai kuma zauren tukwane daga sassan ƙasar nan, da tsofaffin littattafan Larabci na rubutun hannu, da kan tsohon jirgin nan na Zariya.

Abin da zai fi tsayar da Bahaushe shi ne filin gine-ginen gargajiya da ke gefe, wanda masanin gini ɗan Folan, Zbigniew Dmochowski, ya tsara. A nan aka sake gina wani yanki na ganuwar Kano, da kwafin Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Mika'ilu a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Tubali da azara da bakan gizo, duk ga su a fili. Sai dai ginin ƙasa yana son yaɓe kowace shekara, ruwan Jos kuma ba ya wasa, don haka sassan da aka yi wa sakaci sun zaizaye.

Idan yunwa ta taso, a nemi gwate. Tsakin acca ko na masara ake dafawa da alayyafo da yakuwa da gauta, a sa ƙashi ko busasshen kifi, ya fito ruwa-ruwa da ɗan tsami-tsami. Acca tsohuwar cimar mutanen tsaunin ce, tana yi a ƙasar da wasu hatsi ba sa yi, ana tuwonta ana kununta. Da safe akwai masa da miyar taushe, da dare kuma soyayyen dankali da ƙwai a teburin mai shayi.

Baƙo ba zai bar Taminus bai ga kangon babbar kasuwa ba. An kammala ta a 1985, gobara ta cinye ta a Fabrairun 2002, aka kuma shafe fiye da shekara 20 ba a mayar da ita ba. A Mayun 2014 bama-bamai suka hallaka mutane sama da 100 a wurin. Duk da haka 'yan kasuwa ba su tashi ba, Musulmi da Kirista na kasa kaya kafaɗa da kafaɗa a gefen titi. Tudu ya ba Jos sanyi da ruwa kyauta, amma yaɓen kwafin masallacin Zariya da rufin kasuwa aikin hukuma ne, kuma duk damina da ta wuce ba a yi ba, kuɗin gyaran ƙaruwa yake yi.