Uba Ya Fi Kowa Sanin Ɗansa

Bayan haka, akwai wani abu da ke ɓata tsakanin maƙwabta. Mutum ya shirya walimar saukar ɗansa, ya raba goro, ya aika wa maƙwabcinsa a turo masa yaro. Maƙwabcin ya yi godiya, ya ce, "Malam, a gafarce ni, yaron nan ba zai samu zuwa ba." Daga nan sai fushi ya shiga, gaisuwa ta yi sanyi, mata su daina aika wa juna ƙwaryar tuwo.

Wannan kuskure ne. Haƙiƙa amsa kira hakki ne tsakanin Musulmi, amma malamai sun yi masa ƙaidi. A cikin Risala, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya sharɗanta amsa walimar aure da rashin munkari a wurin, ya kuma ambata cewa Imamu Malik ya yi rangwame ga wanda ya ƙi zuwa saboda cunkoso. Idan baligi yana da uzuri, ina ga yaron da ke hannun ubansa?

Watakila yaron bai daɗe da tashi daga ƙyanda ba. Watakila ba shi da rigar fita, kunya ta hana uban faɗa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Saboda haka mai walima ya karɓi uzuri, kada ya tsananta tambaya, kada ya zuga yaron a ɓoye. Ya aika masa da rabonsa na waina har gida. Allah ya kiyaye zumunci, amin.