Lamho da asusun lafiya: kowanne da takardarsa

Manoma da makiyaya, idan kaka ta yi, kuɗi biyu ne ke ƙwanƙwasa ƙofar maigida. Na farko haraji, wanda muke kira lamho. Na biyu zubin asusun lafiya, wato mutuwel, a garuruwan da aka kafa shi. Mutane da dama suna ɗaukan su abu guda. Sai ka ji mutum a likita yana cewa: "Ai na biya lamho, don me za a ce in sayi magani?"

Wannan magana tana da tushe. A shekarar 1993 gwamnatin Nijar ta gwada hanyoyi biyu na biyan kuɗin magani. A gundumar Sayi, babba yana biyan sefa 200, wato dala 40, duk lokacin da ciwo ya kai shi likita, yaro kuma dala 20. A gundumar Boboye an ƙara dala 40 bisa lamhon kowane mai biya, sau ɗaya a shekara. Ranar ciwo babba ya ba da dala 10 kawai, yaro dala 5. Da aka duba sakamako, sai aka tarar masu zuwa likita sun ƙaru a Boboye, musamman mata da yara da talakawa. Dalili a fili yake: an karɓi kuɗin lokacin da mutum yake da lafiya, ba ranar da zazzaɓi ya kayar da shi ba. A ganina Boboye ta fi Sayi dabara.

Amma wancan gwaji ne, ya wuce. Lamhon da maigari yake tarawa yana shiga baitulmalin magajin gari, don ayyukan jama'a duka. Biyansa dole ne, kuma ba ya sa sunan kowa cikin asusun lafiya. Shi asusu da yardarka kake shiga, kamar adashi, sai dai mai ɗauka shi ne wanda ciwo ya kama.

Kafin ka sa hannu, ka lura da ƙidaya. Lamho manya yake bi. Asusu kuwa yakan ƙirga duk kan da kake so ya rufe, har ƙananan yara. Gida mai mutum 3 a takardar lamho yana iya zama mutum 9 a littafin asusu. Wanda ba a rubuta sunansa ba, asusu bai san shi ba. A 2006 gwamnati ta yafe kuɗin magani ga yara ƴan ƙasa da shekara 5 da kuɗin awon ciki. Saboda haka ka tambayi shugabannin asusu abin da zubin waɗannan yara zai ƙara musu. Ka tambaya kuma wata nawa sabon shiga yake jira kafin a fara biya masa.

Ranar da ka sayar da wake ko gyaɗa, ka ware kuɗin biyu tun a kasuwa, kada gero ya fita daga rumbu. Kowanne ka karɓi takardar shaidarsa, ka karanta sunanka da adadin kuɗi da shekara kafin ka tashi. Takardar lamho ta ofishin magajin gari ce, katin asusu shi ake nuna wa malamin likita.