Spéciale Belge

Spéciale Belge, wadda masu jin Turanci ke kira Belgian pale ale, wani nau'in giya ne na ƙasar Beljiyam da ake yi da tsiron sha'ir, furen hops, yisti da ruwa. Barasar da ke cikinta takan kama daga kashi 4.8 zuwa 5.5 cikin ɗari, wato ba ta kai yawancin sanannun giyoyin ƙasar ƙarfi ba.

Tarihi

Nau'in ya samo asali ne daga wata gasa da masu dafa giya na Beljiyam suka shirya a 1904, domin samar da giyar gida da za ta yi gogayya da waɗanda ake shigowa da su daga Ingila da Jamus. Fitattun misalanta su ne Palm ta garin Steenhuffel da De Koninck ta birnin Antwerp, wadda ake zubawa a wani kofin gilashi mai zagayayyen ciki da ake kira bolleke.

Yadda ake tantance ta

Masu alƙalanci a gasa sukan bi takardar ƙungiyar BJCP ta Amurka mai maki 50: ƙamshi 12, kamanni 3, ɗanɗano 20, yadda ake jin ta a baki 5, sai 10 na hukuncin gaba ɗaya.

Sunanta na Turanci na iya ruɗar mutum, domin "pale" na nufin launi mai haske, alhali ita ja-ja ce kamar tagulla. Ana so ta kasance garau, da farar kumfa a sama.

A hanci ana neman ƙamshin gasasshen burodi ko biskit daga tsiron, da ɗan ƙamshin lemu da na masoro, waɗanda yisti ke haifarwa ba tare da an saka kayan yaji ba. A baki kuwa zaƙin tsiro ke fara zuwa, sannan ɗacin hops ya biyo baya a hankali. A nan ne wahalar take: ba a son ko ɗaya ya danne sauran. Idan ɗaci ya yi yawa ta koma irin ta Ingila ko Amurka, idan kuma ƙamshin kanumfari ko ayaba ya rinjaya, ta fita daga nau'inta.

Warin man shanu, tsami, ko warin jiƙaƙƙen kwali duk aibi ne da ke rage maki. Na ƙarshen alama ce ta iska ta shige ta, ko ta daɗe a ajiye. Sanyi mai yawa kan ɓoye ƙamshi da aibi baki ɗaya, shi ya sa alƙalai ke barin ta ta ɗan rage sanyi kafin su kai hanci.