Furotin Dafi da Zazzaɓin Cizon Sauro a Kwarin Rima

Kowace ƙwayar halitta a jikin ɗan Adam tana lulluɓe da wani siririn tantani, wanda a cikinsa ake samun furotin iri-iri masu aiki tamkar ƙofofi. Ɗaya daga cikinsu shi ne Dafi, wanda aka gano a Ingila a shekarar 1950, a kan jajayen ƙwayoyin jini.

Aikin wannan furotin shi ne kama sinadaran da jiki ke fitarwa domin kiran fararen ƙwayoyin jini zuwa wurin rauni, ta yadda kumburi ba zai wuce kima ba. Haka kuma yana da hannu wajen ƙerar jini a cikin ɓargo. Saboda haka, waɗanda ba su da shi sukan nuna ƙarancin wani nau'in fararen ƙwayoyin jini a gwaji, alhali kuwa lafiyarsu ƙalau.

Ta fuskar cuta, ƙwayar maleriya mai suna bibas ta wannan ƙofa take kutsawa cikin jan jini, kamar yadda Louis Miller da abokan aikinsa suka tabbatar a Amurka a 1976. Galibin mutanen Afirka ta Yamma sun gaji wani sauyi da ya hana Dafi fitowa a jajayen ƙwayoyinsu. Wannan ne ya sa bibas ba ta yi ƙarfi a ƙasar Hausa ba, duk da ta addabi Indiya da Kudancin Amurka.

Sai dai wannan kariya ba ta shafi falsifarum ba, wadda ita ce ƙwayar da ta fi kisa, domin tana da wasu ƙofofin na dabam. Fadamun shinkafa na Argungu da kududdufan damina a unguwanni irin su Gesse ta Birnin Kebbi matattara ce ta sauro. Binciken ƙasa na 2021 ya nuna kashi 49 cikin ɗari na ƙananan yaran Kebbi suna ɗauke da cutar, adadin da ya zarce na kowace jiha. A Disambar 2024 aka fara allurar rigakafin R21 a jihohin Kebbi da Bayelsa.

Ke nan, gadon jini ya rufe ƙofa ɗaya ne kurum. Tsare sauran kuwa sai da gidan sauro da rigakafi da gaggawar zuwa asibiti.